Keken Baba

A ɗakin karatun nan kowa da aikinsa. Shugaba, mai takardar shaidar aikin, ita ke zaɓen littattafai, ta ba su lamba, ta amsa tambayoyin masu bincike. Baba Mai Keke kuwa shi ke tura keken littattafai tsakanin kantoci yana mayar da kowanne gurbinsa, tun gashinsa na baƙi.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, yarinya ɗanya shakaf, sa'ar autarsa. Wata safiya Baba ya shigo ya tarar da keken fayau, an jera komai. Washegari ma haka. Ya bi kantocin yana farautar kuskure, ko na rantsuwa bai samu ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi, so ake a nuna ba a bukatarsa a sallame shi.

Ranar da ya kama ta tana tura keken da kanta, zuciya ta ɗebe shi. Ya je ya hakimce a kujerarta, har da gyara tabarau. Ai kuwa sai ga wata ɗaliba.

"Baba, sabon bincike nake nema kan ciwon ƙoda a jikin yara. Ta ina zan fara?"

Baba ya dubi kwamfuta, ya dubi rufi. Ido ya raina fata.

"To, ita ƙoda dai guda biyu ce," ya ce.

Shugaba ta taho tana danne dariya, ta sallami ɗalibar da abin da take nema, sannan ta juyo.

"Baba, juyin mulki aka yi?"

"Ke kika fara, ranki ya daɗe. In korata za a yi, a faɗa mini baki da baki."

"Kora?" Ta dafe ƙirji. "Wallahi kunya ce ke damuna. Ina zaune kan kujera mai laushi, sa'an mahaifina yana tura kaya a gabana?"

Daɗi ya rufe Baba har idonsa ya ciko.

"'Yata, kunyar nan taki ta hana ni barci. Keken nan ne ke fito da ni daga gida kullum. In tausayina kike ji, bar mini abina."

Ta miƙa masa keken da hannu biyu. Baba ya karɓa, ya goge ido da hannun riga, ya tura ya yi gaba yana mita wai an ɓata masa safiya ga aiki jibge.