An Sayar da Ɗorawa

Sadiƙa tana tsame dafaffiyar kalwa daga tukunya ta ji ƙarar wani inji. Ba ta babur ba ce, ba kuma ta injin niƙa ba. Daga gabas take tasowa, wajen gonar gandu, a tayar a kashe, kamar mai gwaji. Ta janye itacen murhu, ta goya jaririyarta Ihsan, ta miƙa babbar 'yarta Bushra gidan maƙwabta, ta zura hijabi ta fita ko hannu ba ta wanke ba.

Ta san ƙarar sarai, ta injin yankan itace ce. Tun da gas ya gagari mutanen birni suka koma gawayi, motoci ke shigowa ƙauyensu Kwanyawa wayam su fita da buhuna har sama. Kullum rediyo maganarsa ɗaya, tattalin arzikin duniya ya girgiza, naira ta faɗi. Ita dai abin da ta sani, kamfanin gine-ginen da mijinta Hadi yake wa aiki a Abuja ya tsaya, wata huɗu ke nan gaisuwa kaɗai yake aikowa ta waya. Daminar bara kuma ta makara, da ta zo sai ta zo da ambaliya, dawa ta kwanta cikin ruwa. Daddawar da take bugawa ta aika kasuwar Karaye ita ta riƙe gidan, garin ɗorawa kuma shi take dama wa yara da safe. Duk daga bishiya ɗaya.

A gindin bishiyar ta tarar da su. Surukinta Malam Sulle yana zaune a kan saiwa da sandarsa. Wani baƙo mai shadda yana tsaye yana karkaɗa makullin mota, gefensa kuma wani ƙato ya durƙusa yana ɗura mai a injin yankan itace. Ɗorawar ta cika da 'ya'ya, sun bushe suna reto, sati guda ya rage a fara ɗiba.

Shekara biyar da aurenta ba ta taɓa haɗa ido da Malam Sulle ba, balle ta yi masa tambaya. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta tambayi rana, ta tambayi ƙafar da ke damunsa. Ya amsa a taƙaice, kansa a ƙasa. Sai ta miƙe, ta je ta zauna ta jingina da jikin bishiyar, daidai inda aka zana da gawayi don a sa inji, ta kwanto Ihsan ta ɗora ta a cinya.

Baƙon ya yi dariya. Ya ce sunansa Ɗanmaliki, daga Kano, kuma yana roƙon Hajiya ta matsa da yarinya kada reshe ya same su, don ya sayi wannan ɗorawa tun ranar kasuwa.

"Baba," ta ce, "me aka sayar?"

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce mutumin nan ya same shi a kasuwa ya ce yana son ɗorawar gonarsa, shi kuma ya ce ya sallama, aka yi musafaha. Da ya ga yawan kuɗin bai yi mamaki ba, tunda yanzu ko ashana ta tashi, sai ya ɗauka ɗorawa ma ta bi sahu. A ranar ya juyar da kuɗin ya sayi taki, don ana cewa zai ƙara tsada kafin ruwa ya sauka. Sai da ya ga inji yau da safe ya gane abin da ake nufi.

"To amma na ba da hannu," ya ce. "Ni ba yaro ba ne da zan ce na fasa. Tashi ki koma gida."

Ba ta tashi ba. Ta san zuwa la'asar duk garin zai ji cewa matar Hadi ta ƙi bin maganar uban mijinta a gaban baƙi, kuma labarin zai riga ta isa Abuja.

"Ka yi haƙuri, Baba. A kira mai unguwa."

Ɗanmaliki ya fara sababi. Ya ce shi ba shi da lokacin shari'ar ƙauye, man da ya ƙona daga Kano ma ya ishe shi baƙin ciki, kowa a ƙasar nan neman na abinci yake yi. Ta ce ta yarda, ita ma shi take nema, ga mai cin abincin nan a cinyarta. Ya yi wa mai inji alama ya tayar, ko za ta tsorata. Ƙarar ta tsaga wurin, Ihsan ta tsandara kuka. Sadiƙa ta toshe wa yarinyar kunnuwa da tafukanta, ta zuba wa mai injin ido ba ta ƙifta ba. Mutumin ya dubi jaririyar, ya kashe injin, ya ce shi itace aka ɗauko shi yanka, kuma yana da mai irin waɗannan shekarun a gida.

Ƙarar ce ta jawo mutane, har da mai unguwa Abdulmutalib, wanda ya zo a kan kekensa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da zafin bana, sannan ya nemi kowa ya maimaita kalmomin da ya faɗa a kasuwa, kada a ƙara kada a rage.

"Cewa na yi a sayar mini da ɗorawa," in ji Ɗanmaliki. "Ya ce ya sayar. Ina wahala a nan?"

"Ka ce itace?"

"Ɗorawa ba itace ba ce?"

Dattawan da ke tsaye suka yi murmushi. Mai unguwa ya yi masa bayani a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanya. Ya ce a ƙasar nan tun kakanni in an ce an sayar da ɗorawa, 'ya'yan shekarar ake nufi, mai saye ya ɗebe kayansa ya bar bishiya ga mai ita. Wanda yake son gindin sai ya ce itace yake so, kuma ba a taɓa jin wanda ya sayar da itacen ɗorawa mai haihuwa ba sai bana. Saboda haka Malam Sulle bai karya magana ba, abin da ya sayar yana nan yana reto a sama.

Sai dai kuɗin ya fi na shekara ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ya riga ya zama taki. Mai unguwa ya ce adalci shi ne Ɗanmaliki ya ci 'ya'yan shekara uku. Ya juya wajen Sadiƙa, tunda ita ke amfana da su, ya tambaye ta ko ta ji.

Shekara uku. Bushra za ta shiga makaranta, Ihsan za ta yi wayo, duk ba kalwa ba gari daga bishiyar gidansu. Ta ɗaga kai ta dubi rassan, ta dubi gonar maƙwabta inda kututture biyu suke tsaye a rana, ƙasar gefensu ta tsage.

"Na ji," ta ce. "A bar ta a tsaye."

Ɗanmaliki ya ce shi gawayi yake sayarwa, me zai yi da 'ya'yan ɗorawa, bai ma san yadda ake sauko da su ba. Wani daga cikin dattawan ya ce ai da sauƙi, ya tuɓe shaddar ya hau. Aka yi dariya, har Malam Sulle ya rufe baki da hannun riga.

Sadiƙa ta miƙe, ta mayar da Ihsan baya ta ɗaure zani. Ta sake durƙusawa gaban surukinta ta ce ya yafe mata. Bai dube ta ba, amma ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙara da cewa ta bi ta inuwa da yarinyar.

Har ta yi taku biyu ta tsaya kusa da Ɗanmaliki, wanda ya ɗaga kai yana kallon abin da ya saya.

"Alhaji, a nan mata ke ɗiba," ta ce. "Kashi uku ake yi, ɗaya na mai ɗiba. Ka turo buhuna ran Asabar. Ni zan ɗebar maka."