Hannun Hagu

Ƙarfen hannun hagu Gwani ya fara gani, tsirara, babu roba a jikinsa, yana ƙyalli cikin tsakar rana. Sai daga baya ya ga sauran babur ɗin, sannan ya ga mai turo shi, wata doguwar budurwa cikin fararen kayan asibiti.

"Baffa, sannu da aiki. Ka gane ni kuwa?"

Ya gane ta sarai. 'Yar Bahago ce, amininsa, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce a kan wannan babur ɗin. Tsayin uban ta kwaso, har da yadda yake karkatar da kai in zai yi magana.

Ta ce an mayar da ita wani asibiti mai nisa, shi ya sa ta fito da babur ɗin daga ɗakin ajiya. Injin an gyara shi a wani garejin. "Amma Mama ta ce robar hannu, kai kaɗai za ka saka."

Gwani ya sake duban ƙarfen. Shekara talatin yana makanikanci, kuma ba don kyan fuska ake ce masa Gwani ba, amma akwai aiki ɗaya da ba ya ba da labarinsa. Ranar da Bahago ya rasu, ya zo yana sauri, gam kuma ya ƙare a gareji. Sai Gwani ya shafa wa ƙarfen ruwan sabulu, ya zura sababbin robobi. Kowane makanike ya san dabarar, kuma kowa ya san sai ta kwana ta bushe kafin a hau. Bahago ya damƙi ta hagu, ya ce, "Ya kama?" Gwani, hankalinsa na kan wani injin, ya ce, "Ya kama." Yana shan kwana ta biyu a kan hanya robar ta sulɓe. Mutane suka ce gudu ne, Gwani ya yi kuka da masu kuka, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yanzu ya ɗauko sababbin robobi da gam mai kamawa nan take. Ya fara da dama, wajen totur. Ya tsaga tsohuwar da reza, ya goge, ya shafa gam, ya tura sabuwar. Ta zauna daram.

Ya koma hagu. Ya wanke ƙarfen da fetur, ya jira ya bushe, ya shafa gam, ya tura robar har ƙarshe. Da ya ɗan ja ta, sai ta biyo hannunsa sulul. Cikinta a jiƙe yake.

Ya kai ta hanci. Ƙamshin sabulu ne, mai lemon tsami, irin wanda ya daina saya tun shekara tara.

Ya yi ta maza. Ya cusa tsumma cikin bututun ƙarfen, tsumman ya fito a bushe, sai tsatsa. Ya sake gogewa, ya sake shafa gam. Yana kallo wata farar kumfa ta fito daga jikin ƙarfen, ƙanana-ƙanana, tana fashewa a hankali. Rana kuwa tana dukan ƙarfen har ba ya taɓuwa.

"Kin ga wannan ruwan?" ya ce.

Ta sunkuyo ta duba. "Wane ruwa, Baffa?"

A karo na huɗu robar ta tsaya. Ya ja, ba ta motsa ba. Amma da ya matsa ta, ya ji wani ɗan santsi yana yawo a ƙarƙashin tafin hannunsa. Za ta riƙe a miƙaƙƙiyar hanya. A kwana ne ba za ta riƙe ba.

Budurwar ta duba agogonta, ta zagayo, ta damƙi robar da hannun hagu, ta karkatar da kai.

"Ya kama?"

Kalma biyu ce kawai, kuma ya taɓa faɗin su. Tsoro ya kama Gwani, ba na kumfar ba, na yadda ya ji bakinsa ya buɗe da kansa zai sake faɗa.

"Bai kama ba," ya ce. Ya zauna a kan tsohuwar taya. "Na babanki ma bai kama ba. Ruwan sabulu na saka masa, na ce masa ya tafi. Ni ne, 'yata."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta buɗe jakarta, ta fito da wani abu naɗe cikin hankici. Robar hannun nan ce ta shekara tara, baƙa, kamar sabuwa fil.

"A hannunsa aka same ta, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Mama ta shinshina cikinta tun ranar." Ta ajiye masa ita a cinya. "Ta ce in ka ce ya kama, in bar maka babur ɗin, in dawo gida a ƙasa. In ka faɗa, in ba ka kayanka."

Sannan Gwani ya tashi, ya zare robar da ya saka a babur ɗin. Ƙarfen a bushe yake ƙayau. Ya shafa gam, ya tura, ya ja da hannu biyu har babur ɗin ya biyo shi. Ko gezau.

"Duk da haka ki bar shi ya kwana," ya ce. "Gobe ki zo."

Ta gyaɗa kai, ta tafi ba sallama.

Gwani ya je bakin famfo don wanke gam ɗin hannunsa. Ya tara, ruwan ya zubo, zalla. Ya murza tafin hannuwansa, sai kumfa ta tashi.