Kifi Mai Ƙaho

A duk rundunar da ta ɗinka gicciye a kafaɗa don ƙwato Birnin Ƙudus, babu wanda ya kai maigidanmu, Barde Aubri, cika alkawari. Tun a ƙauye ya dafa ƙashin yatsan wani waliyyi, ya rantse nama ba zai shiga bakinsa ba sai ya ga Ƙudus. Kifi kuwa ba ya cikin rantsuwar. A lokacin ya ɗauka Ƙudus na nan gaba kaɗan da garin kawunsa.

Jiragen mutanen Venis muka hau, su kuma suna da tsohuwar rigima da wani gari mai suna Zara, sai suka ce mu ɗan biya. Mutanen Zara suka rataya gicciye a ganuwa don mu gane Kiristoci ne. Muka gane, muka yaba, muka ci garin.

Sanyi ya tsare mu a nan. Aka sauki Aubri a gidan wata tsohuwa, Dobra, wadda yaƙi ya bar mata rago guda ɗaya, tana tanadinsa don Kirsimeti. Ko'ina a gari ƙamshin gashi ne. Aubri kuwa yana zaune da busasshen kifi mai gishiri, yana kallon ragon, ragon na kallonsa.

Wata Juma'a ya aika aka kira Fada Hervé, limamin gidanmu.

"Fada, nan Ƙudus ne?"

"Ranka ya daɗe, ko kusa."

"To me muke yi a nan?"

"Manya sun ce kan hanya ne."

"Kan hanya? Jiya na tambayi mai jirgi ina Ƙudus, ya nuna mini da haɓa, ya ci gaba da sakace haƙori." Ya tura kwanon gefe. "Ka yi karatu, Fada. Mene ne kifi?"

Fada ya dubi ragon, ya haɗiye yawu, don shi ma abin da maigida ya ci yake ci. "Masana sun ce duk abin da aka kamo daga ruwa."

"Duk?"

"Ban ga inda suka ware ba."

Aka kira Guiot mai girki. Ya ja ragon har bakin teku, Dobra na biye tana magana da yarensu, tana zana gicciye a ƙirji.

"Me take cewa?" in ji Aubri.

"Addu'a take mana," in ji Fada.

"Baiwar Allah. Mun gode, Iya."

Guiot ya hankaɗa ragon cikin ruwa. Ashe ya iya iyo, ya miƙe sosai ya nufi gabas. Shi kaɗai ne a rundunar da ya kama hanyar Ƙudus a wannan shekara. Sai da aka bi shi da kwalekwale aka kamo shi da taru.

Guiot ya tsuguna yana haki. "Fada, kifin nan fa da ƙaho."

"Teku na da faɗi, ɗana."

Ragon ya yi kuka.

"Ga shi yana cewa mee."

"Kai, jakin banza," in ji Aubri, "ka taɓa shiga ƙarƙashin ruwa ka ji abin da kifi ke cewa? Feɗe shi!"

Aka feɗe shi. Ɓawonsa ya cika kwando, mai laushi, irin na yin safa. Itace ya yi ƙaranci, Guiot ya cire ƙyauren ɗakin Dobra ya ƙara. Aubri ya cinye cinya da haƙarƙari, ya yi gyatsa, ya gode wa Ubangiji da ya ba shi ikon riƙe rantsuwa a tsakiyar jaraba. Fada ya ce amin da baki cike.

Ana cikin suɗe ƙashi labari ya zo cewa da bazara za mu biya ta babban birnin Girkawa, Kiristoci su ma. An ce kan hanya ne.

"Akwai teku a can?"

"Ta gefe uku, ranka ya daɗe."

"Shanu fa?"

"Garke-garke."

"Guiot, nemo babban taru."

Aubri ba mai zalunci ba ne. Ya ce kifi da kifi ake ramawa, a ba tsohuwa sauran busasshen nan nasa. Aka duba gangar kifin, gishiri kawai ya rage.

Dobra ta karɓi gishirin. Ta kwance igiyar ragon daga turke, ta naɗe ta, ta rataya tsohon bargo a inda ƙyauren yake.