Amya a Mashigin Dutse

Mutum in ya ɗora amya a ka da ƙudan zuma a cikinta, ba ya waiwaye, ba ya sauri, ba ya kuma sauke ta sai inda za ta zauna. Kowa a garinmu Oku ya tashi da sanin haka. Amma yanzu hanyar dajin Kilum ta zama ta kowa da kowa, har da waɗanda ba su iya komai ba sai danna oda.

Shekara biyu ina kafa amyoyina a kwari, ƙudan suna wuce su kamar na shafa musu kananzir. Gwafar da mahaifina ya bar mini a can cikin daji tana tsaye fayau, har dattawan ƙungiyarmu ta masu zuma suka fara yi mini magana a kaikaice, wai wurin da ba a ɗora masa amya akwai masu so. Sai a ƙarshen daminar nan wani taron ƙuda ya shiga guda ɗaya, taro mai kauri, irin wanda in ka kara kunne za ka ji jikin amyar yana rawa. A kwari suke shiga saboda ɗumi, amma farar zuma sai a sama, inda furen yake. Dole a kai su da ka.

Da gari ya fara wayewa na toshe bakin amyar da ciyawa kafin su fita, na naɗa gammo, na kama hanya. Abu ɗaya ne a raina, in isa gwafar kafin rana ta yi zafi. Ƙudan da aka toshe zafin jikinsu ma ya ishe su, in rana ta ƙaru a kai sai sabuwar saƙar zumar ta narke, su dahu a ciki.

Ban yi nisa da gonakin dankali ba na ji babur a bayana. Tun daga kukansa na gane Kelese ne, ɗan ƙanwata, wanda bai taɓa ganin bututun hayaƙi ya bar shi da lafiyarsa ba. Ya yi lodin jakunkuna da tantuna sun fi shi tsawo.

"Kawu Wambeng, a ɗan raɓe mana. Ko in ɗora muku ita a baya ne, yanzun nan sai sama?"

"Ɗora uwarka dai a baya, ita ta haife ka. Ina za ka da wannan tarkacen ta hanyar ƙafa?"

"Kayan baƙi ne daga Duwala, suna tafe a baya. Titi ya yi zagaye da yawa, Kawu, mai ya yi tsada."

Na manne da jikin wata bishiya ya wuce, ya bar ni da hayaƙi. Ƙudan suka ɗauki gunaguni a kaina, ni ma na taya su.

Akwai wani wuri da muke kira Mashigi. Dutse ne a dama, kwazazzabo a hagu, tsakani kuwa faɗin mutum ɗaya da kayansa. Kofaton dawakin Fulani ya haƙa ramuka a ciki, tayar babura ta haɗe ramukan suka zama kwata. Masu doki na cewa babur ne ya kashe hanyar, masu babur na cewa doki ne, mu masu ƙafa kuwa ba wanda ya tambaye mu. A nan na tarar da Kelese, tayarsa ta baya ta nutse har gindin sarƙa, yana murza wuta laka na tashi.

Gaba da shi kaɗan, doki ne a tsaye yana fuskantarmu. Hamajam ne riƙe da linzami, Bafulatanin da rugarsu ke saman dutsen. A kan sirdi mahaifiyarsa ce, an ɗaure ta da zane a ƙugu don kada ta zame, kanta a sunkuye.

"Sannu, Baba Wambeng," in ji shi. "Dada ce ba lafiya, tun jiya ko ruwa ba ya zama. Asibitin Elak za mu."

"Allah ya ba ta sauƙi. Ba za ka iya juya shi ba?"

"A nan? In ya juya, ƙafar baya a rami za ta sauka."

Na ce wa Kelese ya kwance lodin ya ture babur ɗin. Ya ce wai ɗaurin ya ba shi wahala, in ya kwance ba zai sake samun irinsa ba, a bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Sau ɗayan nan sai da ya haifi 'ya'ya da jikoki. Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina, ga shi ba damar in ɗaga murya sosai, don duk motsin wuyana a cikin amyar yake ƙarewa.

Ana haka baƙin suka iso ta bayana, da sanduna bibbiyu kamar masu ciwon ƙafa. Ta gabansu wata mata ce mai jar hula, Madam Ndumbe suke kiranta, ƙanshin turarenta ya riga ta isowa. Ta kai hannu ta ƙwanƙwasa jikin amyar.

"Baba, ganga ce wannan?"

"Ganga ce, 'yata. Ki ƙara bugawa, masu rawar suna ciki."

Da ta ji ƙugin sai ta ja baya, ta taka na bayanta. Wani cikinsu ya ɗaga waya yana ɗaukata hoto, wai in ɗan juyo in yi murmushi.

Gajimaren da ke rufe da mu ya yaye, rana ta buɗe a kan Mashigi. Na ji ɗumi yana ratso gammo zuwa tsakar kaina. Kukan ƙudan ya canza, ya tashi daga gunaguni ya koma wani siririn ƙara mai shiga haƙori. Na san maganin, kowane mai zuma ya sani, in zare ciyawar su sha iska. Hannuna har ya kai. Sai na dubi dokin. Ya jiƙe da gumi, yana kaɗa kunne, ƙudan zuma kuwa ba abin da suka tsana irin warin gumin doki, balle waɗanda aka toshe tun safe. Na dubi tsohuwar da ke ɗaure a kansa, na dubi ramin da ke hagu. Na mayar da hannuna.

"Wa ke da ruwa?" na tambaya.

Ruwansu yana cikin lodin Kelese, can ƙarƙashin tantuna. Madam Ndumbe ce kaɗai ke da saura a gindin gora, ta miƙa hannu daga nesa ta yayyafa a kan ciyawar. Ta kyauta, amma ko ƙurar saman bai gama jiƙawa ba.

"Kelese," na ce a hankali, "in ba ka kwance kayan nan yanzu ba, na rantse da kabarin kakanka a ramin nan babur ɗinka zai kwana."

Sai a sannan ya kwance. Baƙin suka tsaya gardamar jakar wa za a ajiye a laka, jakar wa ba za a ajiye ba. Da ƙyar biyu daga cikinsu suka raɓa ta gefena suka taya shi ɗaga babur ɗin, aka jingina shi a wata 'yar kafa a jikin dutse. Ban samu wucewa ba duk da haka. Mara lafiya ce a gaba, dole ni in ja da baya har inda hanya ta ɗan buɗe, da baya-baya, ina lalube da diddige, baƙi na ba ni shawara kowa da tasa.

Dokin ya wuce dab da ni, har jelarsa ta shafi hannuna. Na danne ciyawar da tafina, zafinta kamar murfin tukunya. Tsohuwar ba ta ko ɗago ba.

"Mun gode, Baba," in ji Hamajam. "Mun ɓata maka lokaci."

"Ku sauka lafiya."

Daga nan na yi saurin da ba a yi da amya. Ina tafe ina kasa kunne. Ƙaran ya ragu, na ce wa kaina inuwar daji ce ta kwantar da su. Ya ƙara raguwa, na daina ce wa kaina komai.

Rana tana tsaka na isa gwafar. Na ɗora amyar, na zare ciyawar, na matsa gefe kamar yadda aka saba, ina jiran su fito su far mini. Ba wanda ya fito. Na karkata ta kaɗan, sai suka zubo a dunƙule, baƙi ƙirin, a jiƙe, haɗe da narkakkiyar saƙa. 'Yan kaɗan ne ke jan ciki a kan ganye. Na durƙusa ina tona su da yatsa har na sami uwar ƙudan, doguwa, ta riga ta sandare. Na zauna a ƙasa da ita a tafin hannuna.

Ban san iya zaman da na yi ba, sai ga Kelese ya biyo sawuna a ƙafa, laka har gira, ya zo ba da haƙuri ta hanyarsa, da guntun rake a hannu. Ya ga tulin da ke gindin gwafar, ya sosa ƙeya.

"Kai, Kawu. Ai da kun sani kun buɗe musu sun ɗan sha iska."

Na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Maganganu sun cika mini baki, na rasa wadda zan fara da ita, kuma duk cikinsu ba wadda za ta tayar da ƙuda ko ɗaya.

"Karyo ganye," na ce. "Mu share su kafin tururuwa ta hau gwafar."