Ranar da Aka Wanke Gidan Baba

Ni fa ba na shiri da ƙazanta, kowa a danginmu ya sani. Ko ruwa aka ba ni a gidan mutane sai na ɗaga kofin na leƙa gindinsa. To ku auna yadda na ji ranar da na tura ƙofar falon mahaifinmu, wani wari ya tare ni kamar an manta ɗanyen kifi a mota. Tun rasuwar Mama shi kaɗai yake zaune, kuma duk wanda ya zo a baranda yake tare shi, ya fito masa da shayi, a yi hira a watse. Ashe abin da ke ciki ke nan.

Babban Yaya ne ya fara gani, wata rana da ya matsu ya shiga banɗaki. Ya kira ni a waya yana huci.

"Auta, ƙarshen mako zan dawo. Na rantse in na tarar da gidan nan haka, Baba wurina zai koma, gidan kuma a zuba 'yan haya. Mutum ba ya iya kula da kansa a ce a bar shi shi kaɗai?"

Da na je na faɗa wa Baba, sai ya lalubo hannuna ya riƙe gam. Ya ce, "Auta, kar ki bari a fitar da ni daga gidan nan. A nan na zauna da uwarku, a nan nake so in ƙarasa."

Na yi masa alkawari. Na ce zan kawo kamfanin masu share gidaje su gyara ko'ina kafin Yaya ya zo. Nan take ya ɗaure fuska, wai kul, kada wanda ya taɓa masa ko tsinke. Na ce to a baki, a raina kuwa na ce tsufa ne da taurin kai. Ranar aikin na sa maigidana ya zo ya ɗauke shi da safe, wai jikokinsa na kewarsa.

Motar kamfanin ta iso da bokitai, da burusai, da tsani, da injin zuƙar ƙura. Mata ne, sai wani dogo mai ɗaukar kaya. Shugabarsu wata gajeriya ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Kafin su jiƙa ko tsumma ɗaya ta miƙo mini wani kwandon roba.

"Anti, haka muke aiki," in ji ta. "Mu zaga tare. Duk abin da ba kya so a taɓa, ki sa a kwandon nan ko ki nuna mini. Abin da ba ki nuna ba, in na wankewa ne mu wanke, in shara ne mu zubar."

Muka zaga, ina toshe da hanci da bakin mayafina. Wayyo Allah! Kwanukan da ke wurin wanke-wanke sun yi funfuna har ta yi gashi. Na buɗe firij, tumatir ya narke ya zama ruwa, yana ɗiga a kan wani kwano da ban yarda na buɗe ba. Kyankyasai kuwa ko gudu ba sa yi, kallonmu suke kamar mu ne baƙi. Banɗaki zarni har cikin ido. A jikin bango, tun daga ɗakin kwana har kicin, ga wani baƙin layi na maiƙon hannu, daidai ƙugun mutum. Sai da na fita baranda na yi kakarin amai na dawo.

Hotunan Mama da agogon Baba kawai na sa a kwandon.

Shugabar ta tsaya gaban murhun gas, ta nuna wani busasshen cingam da aka manna a jikin ɗaya daga cikin makunnan.

"Wannan fa, Anti?"

"Tambaya ma kike yi? Kankare shi! Tir."

"Gwangwanayen nan kuma duk an ɗaure su. Wannan da tsumma, wannan da roba, wancan da filasta. Har kwalaben magani."

Na kalli tsummokaran, sun yi baƙi ƙirin da maiƙo, ba a ma gane kalar atamfar. Na ce ta yanke su duka ta watsa a shara. Ta nuna wata yagaggiyar darduma a bakin matakalar da ake sauka kicin, na ce shara. Ta nuna wata igiya da aka ja daga ƙofar ɗaki zuwa ta banɗaki, na ce shara. Ga wata kujera a tsakiyar falo, a karkace, kamar an jefo ta daga sama. Na ce su mayar da ita jikin bango inda kujerun mutane suke zama.

Gaskiya sun iya aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka sa safar hannu da takunkumi, suka buɗe tagogi. Daga sama suke farawa, su sauke yanar gizo-gizo, su goge fanka, sannan bango, ƙasa ce ƙarshe. Komai na kan kantar kicin sai sun sauke shi, sun wanke, sun shanya, sannan su jera daga babba zuwa ƙarami. Ruwan da suke kwararwa kamar na kwata. Dogon nan ya yi ta jidar baƙaƙen ledoji yana tarawa a bakin ƙofa. Da yamma shugabar ta sake zagawa da ni, na shafa yatsa a saman firij ban ga komai ba. Gida sai ƙamshin lemun tsami. Na sallame su ina ta sa musu albarka.

Motar Yaya da ta maigidana kusan tare suka tsaya. Yaya ya riga kowa shiga. Ya leƙa kicin, ya leƙa banɗaki, ya fito yana dariya.

"Kai, Auta, kin fita kunya! In dai haka gidan zai riƙa zama, ni me nawa? Baba ya yi zamansa."

Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na juya in ga fuskar Baba. Yana tsaye a bakin ƙofa, yana shaƙar iska.

"Baba, yau a falo za mu sha shayin nan naka," in ji Yaya, ya baje a kujera.

Baba ya ce to. Ya tako a hankali zuwa tsakiyar falo, ya miƙa hannu zai dafa kujerar nan, hannun ya faɗa a iska. Ya ɗan tsaya. Ya karkata, ƙaurinsa ya daki tebur. Na ce, "Sannu Baba," ya ce ba komai. A bakin kicin ƙafarsa ta yi ta shafa ƙasa tana neman wani abu, sai kawai ta zarce, ya tafi luu, Allah ya sa ya cafke ƙyauren. Dariyar Yaya ta ɗauke. Muka tashi muka bi shi.

Ya shafa gwangwanaye, dukkansu sumul, iri ɗaya. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya girgiza a kunne. Ya ɗora tukunya, ya bi makunnan murhu da yatsu, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can ya murɗa ɗaya. Gas ya fara huci ta baya, shi kuma yana ƙyasta ashana a gaba, hannun rigarsa na reto a kan inda gas ɗin ke fita.

Yaya ya yi tsalle ya kashe, ya fizge ashanar.

"Baba! Ba ka gani ne?"

Baba ya jingina da kanta, ya sauke hannuwansa.

"Tun uwarku na da rai abin ya fara," in ji shi. "Yanzu sai dai haske da duhu. Ita ta yaga zaninta ta ɗaura mini a gwangwanin sukari. Ita ta manna cingam ɗin, ta ce nan ne wutar gaba. Kujerar ma ita ta ajiye." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton nake, ya ɗan kauce mini. "Auta, ba na ce kar a taɓa ba?"

Yaya ya share fuska da tafin hannu, ya ce wa maigidana ya taimaka a haɗa kayan Baba a jaka. Babu faɗa a muryarsa, kuma na san ba mai sauya shi.

Na fita da gudu zuwa bakin ƙofa, na durƙusa gaban ledojin nan na fara yagewa. Ni da nake duba gindin kofi, ga ni ina cusa hannu har gwiwar hannu cikin ruɓaɓɓen tumatir da matattun kyankyasai, tsutsa na bin yatsuna. Na samo igiyar. Na samo robobin. Na samo tsumman, na murza shi da yatsa sai ga 'yan furannin zanin Mama sun fito.

Ina miƙewa na ga Yaya ya riƙo hannun Baba yana sa shi a mota. Na ruga wajen taga da kayan a hannu suna ɗiga.

"Baba, ga su, na samo! Yanzu zan mayar da komai inda yake, ka faɗa mini kawai."

Ya lalubo hannuna, da ƙazantar da komai, ya karɓi tsumman ya sa a aljihu.

"Bar sauran, Auta," ya ce. "Ai yanzu yayanki ya riga ya sani."

Motar ta tashi. Na koma in rufe tagogi, ƙamshin lemun tsamin nan ya bugi hancina, sai ga aman da na riƙe tun safe ya zo mini a tsakiyar falon.