Farfelar Motar Sajo

"Saki a hankali, Malam! A hankali na ce, ba guga kake zurawa rijiya ba."

Malam Jibirin ya ƙara sassauta sarƙar, tafukan hannunsa na zogi. Injin ya sauko daga reshen darbejiya yana lilo, baƙi ƙirin, ƙato kamar ɗan maraƙi, ya tsaya daidai bakin 'yar motar da ke buɗe. Sajo ya dafa shi da hannu biyu yana karkata shi. Sai tari ya sarƙe shi, ya saki injin ya jingina da ƙofar mota har ya lafa.

"Mu bari sai gobe," in ji Malam Jibirin.

"Gobe ta Allah ce. Saki."

Shekara ashirin da shida ke nan suna maƙwabtaka a Gwarzo, wani ɗan kango ne kawai ya raba gidajensu. Malam Jibirin tsohon malamin firamare ne, bai san sifana mai lamba goma da mai sha biyu ba sai a wannan daminar. Sajo kuwa bakanike ne, jikan makiyaya, tun yana saurayi ya ajiye sanda ya bi ƙarfe. Da aka fara shigo da motoci masu kwamfuta, masu kawo gyara suka koma wurin samarin da ke jona na'ura ta faɗa musu ciwon mota. Sajo ya rufe garejinsa, ya jawo wata tsohuwar ƙaramar mota Sitalet ya ajiye a kangon.

Shanu biyu suka rage masa na gado, suna hannun danginsa a ƙauyen Kara. A farkon damina ya sayar da su, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya dawo da injin Hilus a bayan a-kori-kura. A majalisar mai shayi aka yi ta dariya, wai tsoho zai ɗora wa akuya kayan raƙumi.

Injin bai gama zama ba sai ga Lukuman, babban ɗan Sajo, wanda ke sayar da wayoyi a Kano. Ya durƙusa ya gaishe su, amma gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"Baba, shanun nan fa na asibiti muka ce."

Sajo ya ci gaba da ɗaure noti.

"Dubi ƙafarka, Baba. Dubi cikinka. Inna ta ce ko kunu ba ka iya shanyewa." Ya juya wajen Malam Jibirin. "Baba Malam, har da kai? Kai da za ka hana shi, kai ne mai riƙe masa sarƙa?"

Malam Jibirin ya sunkuyar da kai. Shi ne ya raka Sajo asibiti a Kano wata biyu da suka wuce. Yana zaune a gefe likita ya kalli hoton, ya ce hantar ta riga ta lalace, su koma gida ya riƙa cin abin da ransa ke so. A cikin motar dawowa Sajo ya kama hannunsa, ya haɗa shi da Allah kada ya gaya wa kowa, ko da Hauwa matarsa.

Lukuman ya miƙe. Ya shiga wurin mahaifiyarsa, kafin la'asar ya koma Kano.

"Ka gaya wa yaron nan gaskiya, Sajo."

"In gaya masa ya rufe shagonsa ya zo ya sa ni gaba yana kallo?" Sajo ya goge baƙin mai a gefen rigarsa. "Malam, shekara arba'in ina gyara abin da wasu suka ƙera. Ko sau ɗaya ina so in ga nawa ya yi tafiya. Zuwa Getso kawai, in gaida Yaya, in dawo."

Mako uku suka yi. Sajo ya yanke ƙarfen gaban motar, ya sa aka yi masa walda, ya matsar da lagireto, ya mai da baturi cikin but ɗin baya. Da farko yana shiga ƙarƙashin motar da kansa. Daga baya sai dai ya zauna a kan tsohuwar taya yana nuni da baki, Malam Jibirin na kwance a ƙasa da tabarau yana laluben noti. Kullum aikin na raguwa, mai aikin ma na raguwa. Wuyan Sajo ya zama kamar sillen kara, fararen idanunsa suka koma ruwan ɗorawa.

Wata Asabar bayan la'asar Sajo ya shiga mazaunin direba da ƙyar, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya ɗauka da wani irin ruri, 'yar motar ta hau karkarwa kamar za ta watse. Tattabaru suka tashi daga kan kwano, mata suka leƙo ta katanga, har 'yan majalisar mai shayi suka taso. Sajo ya riƙe sitiyari yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

Amma motar ba za ta motsa ba. Farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta yi tsawo da kusan taƙi guda. Sai an yanke ta an haɗa daidai, in ba haka ba za ta girgiza ta tsinke. Sajo ya sa aka auna da igiya, ya ƙulla inda za a yanke. A Kabo akwai Mahbub, wanda ya koyi aiki a hannunsa shekarun baya, shi ke da injin sassaƙa ƙarfe.

Washegari Sajo bai fito ba. Ranar Talata da sassafe Hauwa ta aiko a kira Malam Jibirin. Ya sami Sajo kwance a kan katifa, kofin kunu a gefe ya yi sanyi. Hauwa ta gaishe shi daga bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

Sajo ya zaro igiyar daga ƙarƙashin matashi. "Kai wa Mahbub tare da farfelar. Ka tsaya a kansa."

"Bari dai ka ɗan ji sauƙi, mu je tare."

"Malam." Ya ɗan yi murmushi. "Ni da kai ba ma yi wa juna ƙarya. Kada ka dawo sai da ita."

Ƙarfe tara Malam Jibirin ya isa Kabo, ya tarar babu wuta. Mahbub ya karɓi farfelar da hannu biyu da ya ji ta ogansa Sajo ce, ya tafi neman man janareta da kansa. Janaretan ya ƙi tashi sai da aka kwance shi. Rana ta take tsaka kafin injin ya fara juyawa. An raba ƙarfen biyu ke nan wayar Malam Jibirin ta yi ƙara. Zubaidatu ce, matarsa.

"Malam, ka dawo."

"Lafiya?"

"Ka dai dawo." A bayan muryarta yana jin kukan mata.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi, ya nemi benci ya zauna.

Mahbub ya kashe inji, ya tsuguna ya rufe fuska. Can ya ce, "Baba, tashi mu tafi. Bayan azahar za su kai shi. Wannan a bar ta."

Malam Jibirin ya kalli guntayen ƙarfen biyu a ƙasa, da igiyar mai ƙulli a kansu. "Minti nawa za ka haɗa?"

"Talatin. Amma Baba…"

"Haɗa."

Sai da aka ci sa'a guda. Suka hau babur ɗin Mahbub, farfelar a gicciye a kan cinyar Malam Jibirin, da sauran zafinta. Ruwan jiya ya ɓata hanya, sau biyu suna sauka su tura. Da suka shigo unguwa suka yi kaciɓis da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, jar ƙasa a ƙafafunsu.

Lukuman na tsaye a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Malam Jibirin ya matso, ƙarfen a kafaɗarsa, ya rasa inda zai ajiye.

"Allah ya jiƙansa, Lukuman. Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin, Baba." Lukuman ya kalli ƙarfen. "Inna ta ce har ya daina magana yana tambaya ko ka dawo. Ni ina hanya ya cika." Ya rage murya. "Ka sani, ko?"

"Na sani."

"Da ka gaya mini, da na zauna kusa da shi."

Wani ya miƙo hannu, Lukuman ya juya ya karɓi gaisuwarsa.

Bayan sadakar bakwai Lukuman ya samo mai sayen injin. Ranar da za a zo ɗauka Malam Jibirin ya tare shi a bakin kangon.

"Da za ka bari a ɗaura farfelar, ko sau ɗaya a ga ta motsa."

"Wa zai ɗaura, Baba? Kai ko ni? In ta motsa kuma wa zai gani?"

Mutum uku suka zo da kayan aikinsu, suna hirar ƙwallo. Kafin a kira azahar sun cire injin sun tafi. Da nauyin ya bar ta, gaban motar ya ɗaga sama. Malam Jibirin ya tura farfelar ƙarƙashinta ya koma gida.

Da kaka ta kama, wata rana ya dawo daga masallaci ya tarar Zubaidatu ta shanya yankakkiyar kuɓewa a kan rufin motar. Ya tsaya yana kallo. Iska ta zubo da 'yan ƙwayoyi a kan gilashin. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin sauran.