Dawar da Ummusalma ta Sare

Lakwal ɗin Tudun Aduwa, makarantar boko ta wani ƙauye a ƙasar Urno, aji biyu ne na laka da rumfar kara ɗaya, da malamai biyu. Bara yara casa'in da huɗu ke karatu a wurin. Bana da aka koma, direktan makarantar, Mushe Kamilu (haka ake ce wa malamin boko a nan), ya ƙirga arba'in da ɗaya.

Kowa ya san dalili. Yaran da gidajensu ke nesa, musamman ƴaƴan makiyaya, ba sa komawa gida da rana. A makaranta suke cin abincin kantin, wanda gwamnati ke ba ɗalibai, nan Azahar ke riskarsu, su yi salla a tsakiyar fili. Da Mushe Kamilu ya zo bara sai ya hana. Ya ce filin na gwamnati ne, mai son salla ya tafi masallacin gari, wanda ke can ƙetaren korama. Maza suka yi masa magana, ya ƙi. Ana cikin haka aka buɗe makarantar faranko-arab ta kuɗi, mai koyar da Faransanci da Larabci, a babban gari, kilomita tara daga nan, mai rufin kwano da masallaci a ciki. Masu hali suka riƙa kai ƴaƴansu maza can a amalanke. Ƴan mata aka zaunar da su gida. Makiyaya kuwa suka mai da nasu bayan shanu.

Ummusalma ce shugabar iyaye mata ta makarantar. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ɗiyarta Rufaida tana aji shida, ita ke karanta mata duk saƙon da ya shigo waya. Mijinta Harisu yana Abijan wajen bida, neman kuɗi, shekara uku ke nan.

Sati na biyu da komawa, Mushe Kamilu ya aika ta zo. Ya karanta mata wata takarda yana fassarawa. An sake tsarin rabo: daga yanzu malamai da littattafai da abincin kantin za su bi yawan yara. Makarantar da ba ta kai yara sittin ba, za a rufe ta a haɗe ta da ta babban gari. Anspekter, mai duba makarantu, zai zo ƙirga ran goma ga Nuwamba.

"To, Mushe, ka ga abin da ka jawo," in ji ta. "Bar yara su yi sallarsu, iyaye su maido su."

"Inna, ba ni iyawa."

"Kai ba ka salla ne?"

"Ina yi." Ya ninke takardar. "Inda na hito, can ƙasar Keita, haka anka fara. Yara na sallarsu, sai wasu iyaye sunka kawo malaminsu shi ja su, masu kama hannu a ƙirji. Masu sakin hannu sunka ce ba su yarda ba. Ran nan anka yi faɗa cikin hilin lakwal, anka fasa ma wani dattijo kai gaban ƴan aji ɗaya. Ni anka kira ofis, anka ce ni na buɗe ƙofa. Ni ɗan kwantaragi ne, Inna. In ya sake faruwa, aikina ya tahi."

Ta dube shi. Bai wuce sa'an ƙanenta ba. Ta ji tausayinsa, amma tausayin bai rage mata fushi ba.

"Ina hilin gwamnati ya tsaya?"

Ya nuna mata shingen ƙaya na gabas.

"Bayan shingen fa?"

"Gonarki ce."

"Kana da iko da ita?"

"A'a."

"In anka tashi cin abinci, yaro na iya ƙetare shinge?"

"Tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe uku, ba ni tambayar inda yaro yake."

Bayan La'asar ta sami Dauda, wan mijinta, wanda ke riƙe da gida, yana gyaran ƙafar amalanke. Shi ya riga ya mai da ƴaƴansa maza biyu faranko-arab.

"A bari a ruhe shi," in ji Dauda. "Anka ce kowa shi kai ɗansa inda yake so. Ni na zaɓa."

"Ka zaɓa ma maza, Yaya. Hasana fa?"

Hasana ɗiyarsa ce, sa'ar Rufaida. Tana can gefe tana daka, ta rage ƙarfin taɓarya don ta ji.

"Hasana ta samu abin da ya ishe ta."

"Zaɓi na mai amalanke ne da mai kuɗin wata. Mu da ba mu da ko ɗaya, in anka ruhe wanga, mi munka zaɓa?"

Sai ta gaya masa abin da za ta yi. Dauda ya ajiye guduma.

"Dawar da saura sati huɗu a yanke? Ban yarda ba."

"Ba izini na zo nema ba, Yaya. Gadon ubana ce. Na zo ne don kar ka ji a bakin wasu."

Washegari da hantsi ta shiga gonar da adda. Wajen shingen nan ne dawar ta fi kyau, don can awaki ke kwana da rani. Kawunan sun yi nauyi, amma ƙwayar da sauran ruwa, ba ta ciwuwa. Ta sare karan farko. Ta ci gaba. Taki ashirin a tsawo, goma sha biyar a faɗi.

Mutane suka taru a bakin hanya. Wata tsohuwa ta ce wanda ya zubar da abinci ɗanye ya butulce wa Allah. Ummusalma ba ta ɗago ba. Kafin rana ta take, wayarta ta yi ƙara. Harisu ne, Dauda ya riga ya kira shi.

"An ce kin haukace."

"Lahiyata lau."

"Kin san abin da nake aikowa ba shi kai ku damina."

"Na sani. Mu ci wake."

"Ummusalma, don mi?"

"Don in ka aiko saƙo, ɗiyarka ke karanta min, ba sai na kai ma ɗan wani shi ji asirin gidanmu ba. Ina son ta kai kolej."

Ya kashe wayar bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ta bari ba.

Da yamma mata biyu, Biba da Sa'ida, suka zo da kwanduna. Kwana uku suna ɗebo yashi daga korama suna shimfiɗawa. Da karan ya bushe suka yi danga da shi, suka bar ƙofa ɗaya mai kallon makaranta. Aka ajiye jarkokin ruwa biyu da butoci huɗu.

Sannan Ummusalma ta shiga gida-gida. Wasu suka ce su gani tukuna. Wasu suka ce wa za ta koya wa addini, ita da ko izu ɗaya ba ta da shi. Amma ƴan mata suka fara dawowa, yau biyu, gobe uku. Ta taka har ruga wurin Bakari, dattijon makiyayan. Ya gaishe ta da Fillanci, sannan ya juya Hausa.

"Wa za shi ja su salla? Mu ba mu son a sake ma ɗiyanmu hanya."

"Su za su ja kansu. Kowane yaro shi yi yadda ubansa ya koya mai."

Bakari ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce zai kawo biyar. Akwai wasu shida, amma suna arewa da shanu, ba za su sauko ba sai an gama kwashe gonaki.

Da wurin ya fara cika, sai maza suka ga ya yi kyau. Ran Litinin da Azahar Dauda ya iso da mutum biyar da wani Malam Gajere, wai shi zai riƙa jan yara. Ba su gama sallama ba sai ga wata ƙungiya ta ɓullo daga ɗaya gefen gari, su ma da nasu malamin. Mushe Kamilu yana tsaye a ƙofar aji, fuskarsa ta sauya.

Ummusalma ta kife turmi a bakin dangar ta zauna a kai.

"Sannunku da zuwa. Amma ba mai gemu da za shi shiga nan."

"Mace ce za ta tsara mana salla?" in ji wani.

"Ban tsara ma kowa salla ba. Masallatanku na nan cikin gari, kowa ya san nashi. Nan gonata ce, yara na ba aro."

"Yara su yi salla ba malami?" in ji Dauda.

"Shekara nawa suna yi cikin hilin can ba malami, Yaya, ba ku zo ba. Yau in ɗayanku ya shiga, gobe ɗayan shi shiga, jibi a fasa kai, a ruhe lakwal, ku koma gida kowa na cewa shi ke da gaskiya. Wanda ke son shiga, shi ɗauke ni daga kan turmin ga tukuna."

Ba wanda ya taɓa ta. Malam Gajere ne ya fara juyawa, ya ce shi ba ya shiga gonar mutum ba da yardarsa ba. Sauran suka tsaya suna gunaguni. A bayanta yara suka daidaita sahu, maza a gaba, mata a baya, wasu sun kama hannu, wasu sun saki. Ta zauna a wurin har suka sallame. Haka ta riƙa yi kullum.

Ana gobe ƙirga, yara hamsin da bakwai ne. Saura uku. Dauda, wanda ya kwana goma ba ya amsa gaisuwarta, ya aiko cewa zai ba da aron ƴaƴansa maza biyu da ɗan maƙwabcinsa, su zauna a aji na yini ɗaya. Mushe Kamilu ya kawo mata maganar da murna.

"A'a," in ji ta.

"Inna, uku ne kawai."

"Na sare abincin gidana don yara su yi salla, sannan in jera su su yi ƙarya? In shina son taimako, shi sako Hasana, ta zauna har ƙarshen shekara."

Dauda bai sako ta ba.

Anspekter ya zo a babur, ya ƙirga sau biyu, ya rubuta hamsin da bakwai. Ya ce doka ta ce sittin. Ummusalma ta ce ya ƙara da cewa talatin da uku mata ne, waɗanda ba mai barin su su yi kilomita tara, kuma shida na tafe daga arewa. Ya ce babu gurbin wannan a takardar. Ta ce ya rubuta a baya. Ya yi murmushi, ya sa takardar a jaka.

A ranar ta sa Rufaida ta yago falle daga littafinta ta rubuta maganar da Faransanci. Mushe Kamilu ya gyara mata kurakurai huɗu, amma ya roƙi kar a ce ya sa hannu. Mata ashirin da shida suka dangwala yatsa da tawadar biro. Ran kasuwa goma sha ɗaya daga cikinsu suka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa birni, ofishin da takardar farko ta fito.

Sakatare ya ce su bar wasiƙar, za a duba. Ummusalma ta ce hannu da hannu za su ba mai ofis. Ya ce yana taro. Suka zauna a benci. Azahar ta yi, suka fita bakin hanya suka yi salla, suka dawo. Aka tashi aiki ba su gan shi ba. Suka kwana gidan wata ƴar'uwar Biba, da safe sakatare ya tarar da su a ƙofa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai ofis ya fito da kansa. Ya karanta fallen a tsaye.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ɗiyata. A lakwal ɗin da za ku ruhe ta koya."

Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Ta ce ta sani, amma shi ne wanda ƙafarta ke iya kaiwa gare shi. A ƙarshe ya buga hatimi, ya ce za a sake ƙirga a ƙarshen Janairu. Amma malami na biyu za a ɗauke shi tun yanzu, kuma abincin kantin zai ragu.

Haka aka yi. Mushe Kamilu ya zama shi kaɗai yana zirga-zirga tsakanin aji uku har muryarsa ta dushe. Mata suka raba girki, kowace da ranarta. Ƴaƴan Bakari shida suka sauko a Disamba. Wata safiya kuma aka ga Hasana a aji, ba wanda ya rako ta, Dauda kuma bai taɓa yin maganar ba. A Janairu aka ƙirga sittin da huɗu.

Rumbun Ummusalma ya ƙare tun kafin ruwan fari, sai da ta sai da akuya. Harisu yana kira, amma gajeriyar magana. Malami na biyu bai dawo ba a wannan shekarar.

Ana dab da hutu wata takardar ta iso. Mushe Kamilu ya karanta mata: ana tunanin baɗi a ɗaga adadin zuwa saba'in da biyar.

"Sake karantawa a hankali," in ji ta.

Ya sake.

"Tunani suke, ko sun gama?"

"Tunani suke."

"To. Zangon Buzayen nan na bayan dutse, yara nawa ke gare su?"

"Ban sani ba, Inna. Ba su taɓa kawo ko ɗaya ba."

"An taɓa zuwa an tambaye su?"

Ya girgiza kai. Ta gyara mayafinta, ta ce ya aika a gaya wa Bakari tana son mai raka ta ran Alhamis, wanda ya iya Buzanci.